Tsakuwar Inna da Roba Biyu

Kun taso kuna jin ana tsokanar ƙanwata Hajo da maganar roba. Duk inda dangi suka taru, a suna ko a biki, sai wani ya leƙo ya ce, "Hajo, roba nawa ce?" a kwashe da dariya, ita ma ta yi irin dariyar nan da ba ta wuce haƙori. Ku kuma kun ɗauka labarin shi ne Hajo ta yi sakaci da ran kakarku, uwarku ta zo da basira ta gyara. Ba haka aka yi ba. Gara ku ji daga bakina tun kafin ku girma da shi a karkace.

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna. Inna kuwa Bafulatana ce ta wajen Kaoje, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu kamar fatar jiki. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni zuwa Geza. A can na yi wayo, a can na fara makaranta. Sai da ta rasu aka kwaso ni da ɗan akwatina aka dawo da ni Bagudo, na tarar gida ya riga ya cika ba tare da ni ba. Hajo ce ta cika shi. Ita ta san inda Inna ke ɓoye daddawa, ita ta san irin tarin da Inna ke yi in tana son Baba ya bar magana, ita ke shiga ɗaki ba sallama ta faɗa kan gado. Sunana Zulai, amma ban taɓa jin sa a bakin Inna ba. "Ta Geza" take ce mini, shi ma ba a fuskata ba. Ko muna zaune mu uku a tabarma ɗaya, gwiwata na kusan taɓa tata, saƙo sai ya zagaya ta wajen Hajo.

"Hajo, ce wa ta Geza ta sauke tukunyar nan."

Hajo ta juyo tana taunar rake. "Wai ki sauke tukunya."

"Na ji."

"Inna, ta ce ta ji."

Kakata ta sha gaya mini cewa kunya ce, ba ƙi ba. Na sani. Amma sanin sunan ciwo ba ya hana shi zafi. In Inna na yi wa Hajo kitso, kan Hajo a cinyarta, ni ina bakin murhu ina kallo ta gefen ido. Na san yadda take lasar babban yatsa ta goge mata kwallin da ya zarce. Na san in Hajo ta yi tsaki sai Inna ta ɗan ja mata kunne tana murmushi. Ni ko jan kunnen ban samu ba. Nawa kitson maƙwabciya ke yi, tana yi tana hira da wasu a kaina. Ban iya magana ba tun asali, a aji ma in malami ya kira ni sai muryata ta maƙale, don haka kallo ya zama sana'ata. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: Inna ta juyo ta yi mini magana, ni, ba ta bakin kowa ba.

A bazarar shekarar da nake faɗa muku, zafi ya yi zafi har kogin Kwara ya ja baya ya bar yashi. Wata safiya Inna na sheƙar shinkafa a tsakar gida sai faifai ya faɗi daga hannunta. Ta dafe kwiɓinta na dama ta durƙusa, sannan ta kwanta, sannan ta tashi, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi amai. Matar da ta haihu ba a ji muryarta ba, ran nan har maƙwabta sun ji ta. Ciwon yakan lafa ya dawo, ya taso daga kwiɓi ya gangaro mara. An sha jiƙo, an sha rubutu. Yayar Baba, Goggo Dije, wadda ke zaune a garin Tsamiya tana tsallakawa ƙasar Binin saro atamfa da man ja, ta kawo wani sassaƙe daga can ta ce ko dutse ne zai narke. Bai narke ba. Daga asibitin garinmu aka tura su ita da Baba Birnin Kebbi ɗaukar hoto, hoto ya nuna tsakuwa ce ta fito daga ƙoda ta maƙale a 'yar siririyar hanyar da ke kai fitsari mafitsara, ƙodar har ta fara kumbura. Aka ce sai wani babban asibiti a Sakkwato.

Dole mace ta bi Inna jinya. Ban gaya wa kowa ba, amma na wanke hijabina na makaranta, na goge shi da dutsen guga na gawayi, na ninke a ƙarƙashin matashi. Ina daga bayan ƙofa na ji Baba yana cewa, "Zulai ta tahi da ke. Ita ce babba, kuma tana jin Turanci."

Inna ta juya fuskarta wajen bango. Can ta ce, "Hajo dai."

Kalma biyu. Na koma na warware hijabin na sa shi na tafi makaranta. Da suka tafi, Goggo Dije ta zo ta zauna da ni, ta ga idona, ta ce, "Ke kuma mi anka yi miki? Mutum na tahiya asibiti ki yi ta kumburi kamar an hana ki zuwa Makka." A raina Makka ce.

Suka dawo Inna tana tafiya da ƙafarta, ta rame amma fuskarta ta washe. Hajo kuwa ta dawo da wata 'yar kwalba mai jan murfi, da sabon salon tafiya. A cikin kwalbar akwai gutsattsarin tsakuwa, ruwan ƙasa-ƙasa, masu kaushi, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Mata suka yi ta zuwa sannu, daga unguwa, daga Geza, daga Kurgu, har dangin Inna na tsallaken iyaka. Duk wadda ta zo sai Hajo ta kaɗa mata kwalbar a kunne, sannan ta gyara zama ta fara labari. Ni ke kawo ruwa da kofi.

Goggo ce ta fara tsayar da ita. "Dakata, 'yar nan. Ina ɗinkin? Tun ɗazu nake leƙen cikin uwarki ban ga ko ƙwarzane ba. Aikin da ba a tsaga ba, wane irin aiki ne? Ko dai barci sunka sa ta sunka ɗebo muku tsakuwa a bakin titi?"

"Ba a yanka, Goggo. Wani ƙarfe ne dogo, siriri kamar tsinken tsire. A bakinshi akwai fitila da ido. Ta hanyar fitsari anka shigar da shi."

Mata suka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta toshe baki da gefen zane. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajo ko a jikinta.

"Da fari wata waya mai laushi ake zurawa ta nuna hanya, sai ƙarfen ya bi ta a hankali har sama. Likita na kallon talabijin, yana ganin cikin Inna kamar mai tahiya cikin rami da tocila. Da ya iske tsakuwar sai ya zura wani zare mai wuta, leza ake ce mishi, ya dinga harbinta har ta farfashe. Sannan ya zura ɗan kwando."

"Kwando!" in ji Goggo. "A cikin mutum? Da wa za ya ɗauka mishi a ka?"

"Na waya ne, Goggo, ƙanƙane. Yana shiga a tsuke, ya buɗe, ya cafke, a jawo."

"Ke kin shiga kin gani?"

"Likita ya nuna mini kayan kahin a shiga. Ni ya yi wa bayani. Baba hita ya yi."

Tana faɗin "ni ya yi wa bayani" sai ta kalle ni. Goggo ta ɗaga kwalbar ta hanga a rana, ta ce, "To wagga 'yar abin ce ta kwantar da ke? Tsakuwar da nake tsincewa a shinkafa ta hi ta girma. Daga yau sai ku riƙa rege shinkafa da kyau a gidan ga." Hajo ta ce likita ya ce ba daga shinkafa ba ce, a cikin ƙoda take haɗuwa, kuma rashin shan ruwa da yawa na taimaka mata. Goggo ta ce likita bai taɓa cin shinkafar gidanmu ba.

Na ji labarin nan har na haddace shi. Ba don ina so ba. Ina sauraro ne kamar yadda mai gadin gona ke sauraron motsin ɓarawo, ina jiran inda Hajo za ta yi tuntuɓe in kama ta da ƙari. Ta kuwa yi ƙari. Talabijin ɗin yau ƙarami ne, gobe ya kai ƙofa. Likitan yau dogo ne, gobe ya fi Baba tsawo da kamu guda. Waɗannan ban damu da su ba. Amma akwai wuri ɗaya da ya tsaya mini. In tana ba da labarin kafin aiki, sai ta ce likita ya nuna mata wata roba shuɗiya, siririya kamar tsinken tsintsiya, kanta biyu a nannaɗe kamar jelar hawainiya, ya ce za a sa wa Inna don hanya ta zauna a buɗe, in ta gama aikinta a cire. In kuma ta zo labarin bayan aiki, sai ta ce washegari nas ta zo ta cire robar, ruwan ɗorawa, mai kauri kamar karan gero, da jakar fitsari a jikinta. Shuɗiya a shiga, ruwan ɗorawa a fita. Na ce a raina, na kama ki. Na adana abin kamar ƙwai, ina jiran ranar da za ta ƙure ni in fasa mata shi a gaban mutane.

An ce musu su koma bayan 'yan makonni. Kowa ya ɗauka komawar dubiya ce kawai. Damina ta sauka, Baba ya shiga fadama, hanyar Bunza ta lalace, Inna kuma ta ce ita ta warke, ba za ta sake kai kanta a buɗe ta ba. Maganar ta bi ruwa.

Ni ke cika butoci a gidan, ni ke wanki. Ni na fara lura butar Inna na ƙarewa fiye da ta kowa. Takan shiga bayan gida ta fito, kafin ta gama tankaɗe ta sake komawa. In ta fito sai ta tsaya jim a bakin katanga, hannunta a kwiɓin nan na dama, ta cije leɓe, sannan ta saki fuska kafin ta shigo inda mutane suke. Wata rana a wanki na ga tabo a zanenta, ja-ja kamar soɓon da aka tsinka da ruwa. Da shinkafa ta fara nuna sai zazzaɓi ya fara kama ta da la'asar. Ta ce na sauro ne. Hajo, mai kwana a gadonta, ba ta ga komai ba. Wanda ke cikin inuwa ba ya ɗaga kai ya dubi itace. Ni da ke rana ni ke kallonsa.

Ina shanyar wannan zanen ne launukan nan biyu suka dawo mini. Idan ba ƙarya Hajo ta yi ba fa? Idan duka biyun gaskiya ta faɗa?

Na same ta tana tsifar kai a zaure. Na ce, "Hajo, robar da anka cire wa Inna, wane launi ce?"

"Ruwan ɗorawa. Mi ya faru?"

"Wadda likita ya nuna miki fa?"

Ta tsaya da tsinke a gashi. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai har yanzu abin na cin ki. Da ke anka je? To ba da ke anka je ba. Ki sha ruwa ya wuce."

Ta faɗi gaskiya, yana ci na. Shi ya sa na rasa yadda zan yi. In na yi magana kowa zai ce baƙin ciki ne, ni kaina ban iya rantsuwa cewa babu shi a ciki ba. Kuma wa zan gaya wa? Inna ba na iya tunkararta da maganar gishiri ma, balle maganar fitsarinta. Baba kuwa, 'yar fari ta tsaya gaban ubanta ta ambaci abin da ke ƙarƙashin zanen uwarta, wannan a gidanmu ya fi zagi. Na yi ta jujjuya abin kwana da kwanaki. Na je bakin ƙofar Baba na dawo ba adadi. Ran da na yanke shawara, Inna ce ta kasa tashi sallar la'asar a tsaye, na hango ta tana yi a zaune, tana rawar sanyi a cikin zafin nan.

Ranar kasuwa ce, Goggo Dije ta biyo da kayanta. Baba na zaune a kan buzu a tsakar gida yana shan fura, Goggo na gefensa tana ba shi labarin jami'an bakin iyaka. Hajo na yi wa Inna fifita a ƙofar ɗaki. Na zo na durƙusa nesa kaɗan. Muryata ta maƙale kamar yadda ta saba. Na tura ta da ƙarfi, sai ta fito da ƙara fiye da yadda na nufa.

"Baba, akwai roba a cikin Inna."

Ludayi ya tsaya a hannunsa. "Mi kika ce?"

"Biyu anka sa. Ɗaya anka cire. Fitsarinta da jini, na gani a zane."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ajiye ƙwarya. "Ke! A gabana? Wa ya koya miki wanga rashin ta-ido? Haka anka rene ki a Geza?"

Na ji motsin Inna ta ja jiki ta shige ɗaki, ta saki labule. Hajo ta miƙe tana cewa, "Baba, baƙin ciki take yi don ba a tahi da ita ba. Tun ran nan take bi na da tambaya."

"Ku yi mini shiru duka," in ji Goggo. "Kai ma Malam, sauke murya. Kunya ba ta taɓa yi wa kowa magani ba. Hajo, zo nan. Robar da likita ya nuna miki, kwatanta mini."

Hajo ta kwatanta, har da naɗa yatsa ta nuna jelar hawainiya.

"Wadda anka zare a gabanki, da jela?"

Hajo ta dubi yatsan da ta naɗe. Na ga lokacin da abin ya sauka a kanta, kamar an ɗora mata tulu cike. Mafici ya faɗi daga hannunta.

"Ya ce roba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya ce za a cire roba. Nas ta zo ta ce, to an cire roba. Goggo, roba sunka ce."

Ta fashe da kuka. Na daɗe ina jiran ranar da zan ga Hajo ta rasa bakin magana. Ga ta ta zo, ban ji daɗin da na yi zato ba, ban kuma ji tausayin da ya kamata ba. Abin da na ji shi ne, ko yanzu da take kuka, daga bayan labule hannun Inna ne ya fito ya jawo ta ciki.

Hoton da aka sake ɗauka a Birnin Kebbi ya nuna robar ƙarara, farin zare daga ƙoda zuwa mafitsara, kai biyu a nannaɗe. Aka ce a koma Sakkwato ba da jinkiri ba. Inna ta ce Hajo ta shirya. Hajo ta shige bayan rumbu ta ce ko za a yanka ta ba za ta sake taka asibitin nan ba. Haka na samu tafiyar da na yi wa gugar hijabi: ragowar da wata ta ƙi.

Likitan ba shi da tsawon da Hajo ta ba shi. Ya ɗaga hoton a haske, bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai. Ya fara cewa robar ta daɗe fiye da ƙa'ida, gishirin fitsari ya fara taruwa a jikinta, ba za ta zaru haka kawai ba, sai an sake shiga ta hanyar da aka bi da farko. Yana kaiwa nan Baba ya yi gyaran murya, ya miƙe, ya ce bari ya je ya yi alwala. Lokacin salla da saura. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta juya wa teburin kafaɗa. Ɗakin ya rage daga likita sai ni. Ya juyo da kujerarsa ya dube ni.

A nan na gane abin da Hajo ke nufi da "ni ya yi wa bayani". Ba sarauta ba ce. Yana magana, kalmomin na wucewa ta kaina kamar tsuntsaye. Ya nuna mini ƙarfen mai fitila, ya nuna mini wani kuma mai laushi, baƙi, wanda bakinsa ke lanƙwasa in an murza wani abu a gindinsa, ya ce shi ake aikawa in ana son a leƙa lungunan cikin ƙoda. Ya ce za su bi gefen robar da leza su kakkarye abin da ya manne mata, su kama ta da ɗan hantsaki su zaro ta, sannan su duba ko an bar wani gutsure a sama. Na gyaɗa kai. Rabin abin ya riga ya zube. Ni da na girmi Hajo, ni da ake cewa ina jin Turanci, kuma da Hausa yake magana.

"Maimaita mini abin da na ce," in ji shi.

Na fara na kakare. Ya sake faɗa a hankali. Na maimaita, ya gyara, na sake. Sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Wannan karon roba nawa za a sa?"

Ya ɗan yi murmushi. "Tambayar da ta kamata ke nan. Mu a wajenmu kowace da sunanta, amma in mun juyo Hausa duk sai mu ce roba. Biyu za a sa, ta ciki da ta waje, amma a ɗaure da juna, gobe a zare su tare. Ki tsaya ki gani da idonki."

Aka yi aikin lafiya. Tsohuwar robar da suka nuna mini ba shuɗiya ba ce kuma, ta yi ɓawo kamar gindin butar shayi. Washegari nas ta zare sababbin, ta shimfiɗa su a faranti ta ce, "Ga ta waje, ga ta ciki. Kin gani?" Na ce na gani.

Na ɗauka tunda babu Hajo a ɗakin jinya, dole Inna ta yi mini magana. Ashe ban san Inna ba. A gadon kusa da namu akwai wata mata daga Illela tana jinyar ƙanwarta. Ita Inna ta samu.

"Baiwar Allah, ce wa yarinyar nan ta miƙo ruwa."

Matar ta dube ni ta dube ta. "Ba ɗiyarki ba ce? Ga kama nan har hanci."

"Ɗiyar mutanen Geza ce," in ji Inna.

Matar ta gane, ta yi dariya, ta ce, "To ɗiyar mutanen Geza, wai ki miƙo ruwa." Da Inna ta tashi zuwa bayan gida karo na farko, jiri na ɗibarta, na matso na miƙa kafaɗa. Ta kauce ta dafa bango. Tana tafiya tana bin bango, ina biye da buta, na ji ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Da Hajo na nan." Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da buta har ta fito. Ni na ga jinin, ni na sha zagin Baba, ni na tsaya gaban likita, amma kafaɗar da take so tana Bagudo a bayan rumbu.

Ran da aka sallame mu, Baba ya bar mu a bakin kasuwa kusa da tasha ya tafi neman mota. Inna ta tsaya gaban wani mai atamfa. Mai kayan na can yana ciniki da wasu. Ta daɗe tana shafa turamen da yatsa. Sai na ji ta ce, idonta a kan kaya, "Wanne Hajo za ta so?"

Na waiga in ga da wa take. Babu kowa a bayana sai wani buhun albasa. Da ni take. Tun da aka dawo da ni daga Geza, wannan ce tambayar farko da ta yi mini baki da baki, kuma a kan Hajo ce.

Akwai wani shuɗi mai duhu da ƙananan ganye, tun da muka tsaya idona ke kansa. Amma ba shi aka tambaye ni ba. Na san abin da Hajo ke so kamar yadda na san tafin hannuna. Na nuna wani ruwan goro mai manyan furanni, irin mai ihu tun daga nesa, launin da ko kyauta ba na so.

"Wancan," na ce.

Inna ta ɗaga shi ta duba. Mai atamfa ya juyo. Ta ce, "Ka ba ni na mutum biyu."

"Iri ɗaya, Hajiya? Ɗayan na wa?"

Ba ta dube ni ba. Ta ɗan turo leɓe wajen da nake tsaye. "Na mai zaɓen."

Da muka iso gida Hajo ba ta fito tarye ba. Inna ta aika mata da atamfar har ɗaki. Can Hajo ta leƙo, idonta a kumbure, ta dube ni ta ce, "Ke kika zaɓa." Na ce eh. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban nema ba.

Ranar Sallah muka fito iri ɗaya. Duk wanda ya gan mu sai ya ce ya fi karɓar Hajo, kuma gaskiya suka faɗa, ni ya mai da ni kamar an naɗe tsinke da tuta. Sallah ta wuce Hajo ta ninke nata ta sa a akwati. Ni kuwa ban cire nawa ba sai da Goggo Dije ta rantse za ta wanke shi da ni a ciki.